Ranar da Na Karya Farashin Takobi

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Na ga kiranki har sau shida, ban iya ɗauka ba. Ba fushi nake ba, bakina ne ya yi nauyi, shi ya sa na ɗauko biro. Kina son sanin abin da ya sa ranar Lahadi na ajiye cokali na suri jaka na fice kamar wadda aka kora. To ga shi.

Kin san aikina a kamfanin wasan, ko da yake kullum kina tsokanata wai wasan yara nake yi ana biyana. Ni ce mai sa farashi. Duk abin da ake saye da sayarwa a duniyar nan tamu ta dodanni da mayaƙa, takobi ne, sulke ne, kwalbar maganin rauni ce, ni ke yanke tsabar zinari nawa za a biya. Zinarin na cikin wasa ne, ko allura ba ya saye a waje, amma mutane kan shafe makonni suna tara shi.

Wata biyu da suka wuce shugabanmu ya ce sababbin 'yan wasa suna guduwa saboda makami ya yi musu tsada. Na zauna gaban kwamfuta na sauke takobin ƙarfe a shagon wasan daga ɗari huɗu zuwa casa'in. Ko minti biyar ban yi ba. Abin da ban duba ba shi ne, akwai 'yan wasan da ba ruwansu da yaƙi, ƙira suke yi. Su haƙo ƙarfe, su sayi gawayi, su ƙera, su sayar wa mayaƙa. Kayan haɗa takobi ɗaya sun kai ɗari da ashirin. Tun daga ranar, duk wanda ya hura wuta asara ya hura.

Ƙorafi ya yi ta shigowa. A ciki akwai na wani mai kiran kansa Guduma. Saƙo ne dogo, ba aya ba waƙafi, haruffa suna hawa kan juna. Ya ce shi tsoho ne, su bakwai ne ke da maƙera a bakin gadar birnin wasan, kowace safiya suna haɗuwa su yi aiki su taɓa hira, amma yanzu huɗu sun daina zuwa. Ya roƙi mai sa kuɗi ya dubi tsadar gawayi.

Yaya, miƙewa na yi a tsakiyar ofis na karanta shi da ƙarfi. Na kwaikwayi muryar tsofaffi, ina jan duk harafin da ya maimaitu. Mai zanenmu ta yi dariya har ta kifar da shayi a kan teburinta. Sannan na rubuta masa amsa da sunan kamfani: “Baba tsoho, fara koyon rubutu kafin ka koya mana lissafi. In ƙira ta gagara, akwai kamun kifi.”

Ranar Lahadi da kika ce in ciro wa Baba wayarsa daga caji, sai allon ya haska a hannuna. Maƙera ce a bakin gada, wuta a mace, a sama an rubuta Guduma. Na waiga na ga hannunsa na dama a kan cinya, wanda yatsu biyu kaɗai ke motsi a cikinsa tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Da su ya rubuta saƙon.

Don Allah kada ki gaya masa tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da yara. Na karanta taki, na gode da ba ki ɓoye mini komai ba.

Ashe likita ce ta ce ya riƙa motsa yatsun a kan waya, shi kuma ya ce in dai wasa ne, a sa masa wanda Auta take yi. Ashe shi ya hana ki faɗa mini, wai kada in riƙa ba shi kaya kyauta. Ba mamaki ya zaɓi ƙira, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana walda. Kin ce ke kika karanta masa amsar, kika zagi wanda ya rubuta, kika ce marar tarbiyya ne. Ba ki yi ƙarya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewar da ya yi a rufe maganar, kada in ji in je in yi faɗa da abokan aikina a kansa. Ga shi kin ce mako uku ke nan bai taɓa wayar ba sai dai a ciro a mayar, yatsun ma sun fara sandarewa.

Jiya na shiga ofishin shugaba da takardu. Na nuna masa inda na yi ɓarna, na kawo gyara: takobin shago ya zauna a casa'in ɗinsa saboda sababbi, amma ya riƙa dakushewa da wuri, ƙirar hannu ta ninka shi ƙarko sau uku, gawayi ya sauka da rabi. Ya yarda. Ya ce a aika wa tsohon takardar ban haƙuri da sunan kamfani, a haɗa masa da jakar zinari, shi ke nan. Na ce a'a. Na fito na tsaya a daidai inda na tsaya ran nan, na gaya musu wane ne Guduma. Ba wanda ya ɗago kai. Mai zanenmu ta tashi ta shiga banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ina nan zuwa ranar Asabar da hantsi. Ki kwashe yaran ku ba mu wuri.

Taki,
Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Kin ce Baba ya ƙi gaya miki abin da ya faru bayan kin ja mana ƙofa, ni ma na tafi kafin ki dawo.

Na durƙusa a gaban kujerarsa na faɗi komai, har kwaikwayon muryar ban rage ba. Ya yi ta kallon fanka har gwiwoyina suka fara ciwo. Sannan ya ce, “Mutum nawa suka yi dariyar?”

Na ce tara.

Ya ce, “Ni kaɗai kika taɓa yi wa irin wannan amsar?”

Yaya, na so ƙasa ta tsage. Na ce a'a.

Ya ce, “To ni kin zo kin durƙusa don na haife ki. Su fa?”

Bai yi tsawa ba, bai kuma ce ya yafe ba. Na gaya masa gyaran da aka yi, ya ce gawayin ya yi arha da yawa, masu saran itace na cikin wasan za su ji jiki, in mayar da shi kashi biyu cikin uku na tsohon farashinsa. Da na koma na duba, gaskiyarsa ce. Ya sa na buɗe wasan a wayata da sabon suna, ba zinari ba komai, ya ce in ɗebo ƙarfe daga dutse. Awa biyu muka yi a kan takobi ɗaya. Ina kallonsa yana danna allon a hankali, in ya kuskure ya sake. Shekarata huɗu ina sa wa takobin nan kuɗi, ban taɓa ƙera shi ba.

Na binciko tsofaffin amsoshina, na sami mutum talatin da ɗaya da na yi wa rashin kunya. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya, da sunana a ƙasa. Cikin maƙera huɗun da suka tafi, ɗaya ya dawo. Sauran shiru, wataƙila ba za su taɓa dawowa ba.

Yau da safe kafin in fita aiki na shiga maƙerar kamar yadda ya umarce ni. Abokansa uku suna nan. Ina gani ya fara rubutu, harafi bayan harafi, ya daɗe kafin ya gama: 'yata ce, ita ta karya mu, ta zo ta koyi aiki. Na riƙe wayar ina jiran zagi. Can sai ɗayansu ya rubuto, “Sannu da zuwa 'yar Guduma, matso kusa da wuta.”

Wallahi Yaya, da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Na makara a ofis yau, don sai da na wanke fuska sau biyu kafin na iya fita.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta