Abin da Kuka Ɓoye Mini Ina Leiden

Matameye.

Zuwa ga Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a Fatakwal, Allah ya sa albarka a cin ranin bana. Mutanen gida suna nan da godiyar Allah. Ya ƙarin haƙurinmu na Inna? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Yaya, tun da na dawo ba na ɗaukar wayarka, kuma ka san dalili. Lokacin da aka zaɓe mu malaman lakwal, wato makarantar boko, mu je ƙasar Holan ganin yadda suke koyarwa, Inna ce ta fi kowa murna. Ta ce in riƙa ba ta labari kullum, ni kuwa na cika alkawari. Na aiko mata da murya ta wayar A'ishatu matarka, na ce garin Leiden da muka sauka ruwa ne ya ratsa unguwanni kamar lunguna, tsofaffi da furfura suna tuƙa keke. Na ce jami'arsu ta yi shekaru ɗaruruwa. Kullum A'ishatu ta amsa cewa Inna ta ji, ta yi dariya, tana sa albarka. In na nemi muryar Inna, sai a ce ta kwanta.

Sai da na sauka daga motar Damagaram, na ga tabarmi a ƙofar gida ana sadakar bakwai, sannan na sani. Safar ulu da na sayo saboda sanyin ƙafarta tana cikin jakata. Da na lissafa, ranar da aka kai ta makwancinta ina cikin kwalekwale da abokan tafiya, ina ɗaukar hoto ina washe baki. Kai ma da ka zo jana'iza ka ga hoton, har ka rubuto cewa na yi kyau.

A'ishatu ta ce kai ka hana a faɗa mini, wai ba a tayar da hankalin matafiyi a ƙasar mutane. Na san haka aka saba, kuma na san ba zan iske jana'iza ba. Amma da na yi alwala na roƙa mata gafara a ranar. Kun bar ni kwana da kwanaki ina hira da wadda take cikin kabari. Wallahi wannan ya fi mini ciwo, kuma har yau ban huce ba.

Kawu Sa'adu da ɗansa Ɗan'azumi suna gaishe ka. Su ma yanzu sun ce kada in gaya maka, in bari ka gama rani tukuna. Ni ba zan yi maka haka ba. Baba yana kwance tun Juma'a, ya daina cin abinci, sunanka yake ta kira. Ka bar komai ka taho.

Ƙanwarka,
Najaha