Kafin a Yi wa Mahaifina Kiran Ƙarshe Yana Raye

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Lasisin Rediyon Masu Sha'awa,
Ofishin Kula da Sadarwa, hawa na uku.

Daga:
Mai ɗinki, ɗiyar Mai Agogo,
Gida mai doguwar eriya, bayan tashar mota.

Talata, 9 ga Satumba, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: JINKIRIN BA NI LAMBAR KIRA DA ABIN DA ZAI BIYO BAYANSA RANAR 27 GA WANNAN WATA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa bisa lokacin da zan ɗauke maka. Ni mai ɗinki ce, shekaruna sun haura hamsin, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, kuma da gwiwoyina za su ci gaba da jure matakalar benenku da ban rubuta wannan ba.

Mahaifina mai gyaran agogo ne, ya daɗe yana riƙe da lasisinku. Kowace Asabar da hantsi yakan kunna na'urarsa ta rediyo ya gaisa da abokansa a gajeren zango. Tsofaffi ne irinsa a garuruwa masu nisa, ba su taɓa ganin juna ba, ko sunan yanka ba su sani ba sai lambar kira da laƙabi. Shi Mai Agogo suke ce masa. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, hannun dama ya mutu, amma hankalinsa garau. Har yau duk Asabar nakan tura kekensa na guragu gaban na'urar in kunna, ya ji ana kiran lambarsa ba mai amsawa. Dalilin da ya sa na shiga koyon wannan abu da furfurata ke nan, ni da ko batirin tocila sai na juya shi sau biyu kafin ya kama. Ga ƙorafina:

1. Ranar 11 ga Maris na zauna jarrabawar rubutu a ofishinku, na kuma ci. A kan teburin yankan yadi na yi karatun, ina karanta ɗan littafinku da ƙarfi, Baba na ƙwanƙwasa hannun kekensa duk inda na yi kuskure. Ya ƙwanƙwasa da yawa. An shaida mini saura gwajin aiki da na'ura, daga nan sai lambar kira, wadda in babu ita doka ba ta yarda mutum ya ce uffan a iska ba.

2. Da na dawo gwajin, aka ce an yi wa jami'in gwajin canjin wurin aiki. Da aka kawo sabo, ya ce in kawo na'ura. Yallaɓai, na'urar Baba tsohon ƙarfe ce, nauyinta ya kai na kan keken ɗinki. Na naɗe ta a bargo na hau da ita har hawa na uku, ina hutawa a kowace kwana. Sai da na dire ta a teburinsa sannan ya tuna ofishin ba shi da eriya. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ba zan hana shi wannan ba, amma ni kaɗai na sauko da ita.

3. Ranar 5 ga Agusta jami'in ya zo gida. Ya duba eriya, ya duba wayoyi, ya yaba. Sannan ya ce tunda tashar da sunan Baba take, sai Baba ya ba da izini da bakinsa ko ya sa hannu kafin in taɓa ta a gwaji. Na nuna masa Baba. Baba ya gyaɗa kai har hularsa ta zame. Na kawo tawada ya dangwala yatsan hagu, jami'in ya ce a rajistarku mutumin mai sa hannu ne, ba a karɓar dangwale daga wanda ya saba sa hannu. Ina jin Baba ya fi ni jin kunyar wannan rana, domin har magariba bai ɗago ya dube ni ba.

4. Na roƙi ofishinku adireshi ko lambar wayar ko da mutum ɗaya cikin abokan nasa, in sanar da su halin da yake ciki. Aka ce sirri ne. Na yarda sirri ne. Na ce to ofishin ya sanar da su da kansa, aka ce ba aikin sashen ba ne.

5. Wannan shi ne ya hana ni barci. Masu wannan rediyo suna da al'ada: in ɗayansu ya rasu, sukan haɗu a iska, babbansu ya kira lambar mamacin sau uku, kowa ya yi shiru, daga nan ba a sake kiranta. Asabar da ta wuce, wanda suke kira Direba, aminin Baba, ya sanar cewa shirun Mai Agogo ya yi tsawo, mutumin da bai taɓa makara ba, don haka sun saddaƙar. Ya ce za su yi masa kiran ƙarshe ranar 27 ga wata. Baba yana zaune yana ji, da kofin shayinsa a gabansa.

Ba zan ɓoye wa Mai Girma ba, na miƙa hannu zan ɗauki abin magana, doka ta yi abin da za ta yi da ni. Baba ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, bai sake ni ba sai da aka rufe hira. Tsawon rayuwarsa bai taɓa karya ƙa'idarku ba, kuma ba zai bari a karya ta saboda shi ba. Na ce to ranar ba zan kunna na'urar ba, ya ƙwanƙwasa kekensa har sai da na janye maganar. Shi dai zai saurara.

Na gaji, Yallaɓai. Ɗinkin mutane ya taru, ina ta ba da haƙuri, kuma ba ni da sauran ƙarfin yin fushi da kowa. Ina roƙo cikin girmamawa a karɓi dangwalen Baba, ko a turo wanda zai ga gyaɗa kansa ya rubuta cewa ya gani, a yi mini gwajin, a ba ni lambata kafin wannan rana. In hakan ya gagara, na san akwai masu lambar kira a cikin ma'aikatanku. Mutum ɗaya ya hau mitar da na rubuta a bayan takardar nan ranar Asabar da hantsi, ya ce wa Direba Mai Agogo na nan da ransa, yana jin su. Ba na neman abin da ya wuce wannan.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya sa takardar nan ta iso teburinka kafin ranar.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Mai ɗinki, ɗiyar Mai Agogo.
(Na sa hannu. Dangwalen da ke gefe na Baba ne, shi ya nace.)