Reshen da Yayanki Ya Sare

Zuwa ga ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin maigidanki, yaya yara? Ni ƙafa ce kawai, ta saba.

Abin da ya sa na rubuto, yayanki ne. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya rasa abin yi, yanzu wai agogon rana zai gina min a tsakar gida. Faifan siminti ne, a kafa ƙarfe a tsakiya, inuwar ƙarfen ta faɗi lokaci. Ga agogo a bango, ga wani a hannunsa.

Ya samo wani littafi, kullum yana kan tabarmata yana lissafi, yana ta sayin da kosayin. Na ce sayin me, ko sayin me, ni ban aike ka kasuwa ba. Wai sunan lissafin kusurwa ne. Ya zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya: rana na tafiya digiri goma sha biyar kowace awa, ƙarfen dole ya kalli arewa, a jingine. Mutum mai furfura, ya bar abincinsa ƙuda na bi.

Duk wannan da sauƙi. Yanzu ya ce babban reshen lemon da babanku ya dasa yana tare masa rana, zai sare. Na ce kada ya taɓa. Ke yake jin maganarki, ki kira shi.

Uwarki.

Zuwa ga ɗiyata,

Ina gaishe ki da yara. Na ji kin kira shi, kuma ya ce miki to. Ranar da na je asibiti awon jini ya sare. Na dawo na tarar da reshen a ƙasa, da 'ya'yansa ɗanye, ya jera min su a kwano wai kada su lalace. Na wuce ɗaki.

Ya zuba simintinsa, ya ja layuka, ya kafa ƙarfe. Ya kira maƙwabcinmu tela ya zo kallo. Da tsakar rana abin ya yi daidai, har da tafi. Da yamma tela ya duba wayarsa ya ce, Malam, naka fa ya yi gaba ya bar mu. Kwana uku yayanki yana zagaya faifan da takarda. Ashe jinginar ƙarfen ta danganta da inda garinka yake a duniya, shi kuwa ya kwafi lambar da ke littafin, ta ƙasar masu littafin, can inda ƙanƙara ke zuba. Ya gina mana agogon mutanen da ba su san da mu ba.

Jiya ya zo yana sosa ƙeya, wai ya tuna ban taɓa duba agogo don la'asar ba, da me nake ganewa, yana so ya gwada da nasa. Na ce da inuwar reshen nan. Da sanyi in ta taɓa dokin ƙofar kicin, da zafi in ta hau randa. Shekara arba'in ban makara ba, babanku ne ya nuna min.

Sai ya ce zai sake lissafi, ya gyara kusurwar. Na ce gyara, in ka gama ka duba littafin ko akwai kusurwar da ake mayar da reshe.

Faifan dai ina shanya barkono a kai. Kada ki aiko min da agogo.

Uwarki.