Ƙorafin Magnhild Brekken ta Layin Masunta

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Faɗaɗa Gidan Tarihin Jiragen Ruwa, Hestnesvik
Daga: Magnhild Brekken, gida mai lamba 9, Layin Masunta
Kwanan wata: 14 ga Nuwamba, 2023
Game da: Halin da nake ciki tun da aka mayar da layinmu ƙauyen tarihi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce matar marigayi Torleif Brekken, masunci. Shekarata hamsin da ɗaya a gidan nan. Maƙwabtana duk sun koma sababbin gidaje a kan tudu, ni na zauna, bisa alkawarin da kwamitinku ya rubuto mini ranar 3 ga Maris cewa ba za a takura mini ba.

1. Allon da aka kafa a bakin layi ya ce babu mai zama a nan tun 2021. Ranka ya daɗe, ina nan. Ranar 9 ga Yuli baƙi shida suka faɗo mini kicin ina dafa miyar kifi, suka yi ta ɗaukar hotona. Wani har ya yaba wai na iya kwaikwayon mutanen da.

2. An sa kwaɗo a rumfar kwalekwalen maigidana, wanda ya ƙera da hannunsa. Kowace bazara ni nake shafa masa kwalta. Bana an hana ni, wai kayan tarihi ba a taɓawa. Na leƙa ta taga, katakon ya soma tsagewa.

3. Ana kulle ƙofar shingen da aka kewaye layin da shi ƙarfe huɗu na yamma. Ƙawata Borghild Sætre, mai shekara tamanin, takan zo shan kofi duk Laraba. Ranar 18 ga Oktoba mai gadi ya mayar da ita, ya ce an tashi. Ta ji kunya, ba ta sake zuwa ba. Har yanzu nakan fito da kofuna biyu.

Don haka ina roƙon a gyara allon, a ba ni makullin rumfar kafin dusar ƙanƙara ta sauko, a kuma rubuta sunan Borghild a wurin mai gadi. Ba na gāba da gidan tarihin; Torleif da kansa ya ba ku komarsa ta kamun kifi.

Idan za a aiko da amsa, don Allah kada a jefa ta a akwatin wasiƙu. A turo mutum ya ƙwanƙwasa. Kullum ina gida.

Taku cikin ladabi da biyayya,
Magnhild Brekken