Sunan Ɗan Fari

Villeurbanne, 14 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga Yayana Alhaji Saley,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata ka koma Paris lafiya, ka tarar da Hajiya Kadidiatou da yara ƙalau. Yaya kasuwa, yaya sanyin da ya fara shigowa?

Yaya, ka gafarce ni, yau ƙanenka zai yi maka magana ba tare da sunkuyar da kai ba, tunda takarda ba ta da ido. Ka fita daga kotu ka miƙe tashar jirgi, ko ruwan gidana ba ka sha ba, shi ya sa ba ka ji abin da lauya ta ce ba.

Ka san yadda abin ya faru. Yara uku na ƙaramar ekip, wato rukunin matasan kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa, polis suka tsayar a tashar bas, ɗanka Youssouf da Thierry da Pascal, amma takardun Youssouf kaɗai aka tambaya. Aka yi cacar baki, aka yi ture-ture, polis ɗaya ya faɗi ya karye a hannu. Har yau ba wanda ya ga wanda ya ture shi. Thierry da Pascal sun koma gidan iyayensu da ɗaurin talala, namu kuwa shekara biyu a gidan kaso. Launin fata ne, har mai sharar kotun ya sani.

Sai dai mu ma mun ba su ƙofa. Uban Thierry ya tashi yana ta kiran sunan ɗansa, har da hotunansa na lakwal, wato makaranta, ya zo. Uwar Pascal ta yi kuka har aka kawo mata ruwa. Da alƙali ya tambaye ka me za ka ce game da ɗanka, sai ka dubi bango ka ce, "Wannan yaron, ba ni da ta cewa, hukuma ta fi ni sani." Ya ce to faɗi sunansa a rubuta, ka yi shiru, sai tafinta ne ya karanto shi daga takarda.

Ni na san kunyar ɗan fari ce, kuma a Damagaram da yaba maka za a yi. A nan kuwa mai gabatar da ƙara ya samu abin riƙewa. Ya ce ga yaron da ubansa ya fitar daga gida tun yana ƙarami, ba ya kallonsa, ba ya ko kama sunansa, wa zai tsaya masa in an sake shi? Riƙon da ka ba ni shi don zumunci, shi suka mayar kora.

Lauya ta ɗaukaka ƙara, za a sake zama a watan Disamba. Ta ce in uba ba zai tsaya wa ɗansa da bakinsa ba, kada mu ɗora rai.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ba ta haƙuri. Allah Ya ƙara girma.

Ƙanenka,
Moutari


Paris, 22 ga Oktoba, 1985

Zuwa ga ƙanena Moutari,

Amin wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, alhamdu lillahi, muna fata kai ma haka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare maka ƙafafunka da kake nema da su.

Takardarka ta same ni a kanti. A bayan bandiran shadda na karanta ta, don kada maƙwabcina Ɗan Juma ya ga fuskata. Na ga ƙwallo ta buɗe maka baki. Ba laifi, gaskiya ka faɗa.

Amma kai auta ne, akwai abin da ba ka sani ba. Ni ne ɗan farin marigayi Malam. Har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, "kai" yake ce mini. Shekarar da maciji ya sare ni a gona, a wuyansa ya ɗauko ni har cikin gari yana gudu ba takalmi, kuma ko a ranar bai kira ni ba. Ban taɓa kwana da shakkar yana sona ba. Ni ma sau ɗaya na furta sunan yaron nan, a kunnensa, ranar da na yi masa huɗuba. Ko a takardun hukuma kai kake cike mini gurbin.

Da na ga alƙalin dattijo ne mai furfura, na ɗauka zai gane mutumin da ya kama bakinsa. A wurinmu uban da ya tashi gaban hukuma yana yabon ɗansa shi ake yi wa kallon marar ta ido. Na zaci in na sauke kai za a sassauta. Da tafinta ya juya mini maganar mai gabatar da ƙara, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Abin da ya hana ni biyowa gidanka ke nan.

Yanzu ko masallaci a sahun baya nake tsayawa. In an tambaye ni yaron sai in ce yana Lyon, kuma ba ƙarya na yi ba, amma bakina ɗaci yake yi. Hajiya ba ta cin abin kirki. Ita ma ba ta kama sunansa, sai dai ta ɗauko rigar sanyinsa ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

Shekaranjiya na rufe kanti da azahar, na shiga ɗakin kaya ni kaɗai na ce bari in gwada. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ka tambayi lauya ko za a yarda wani ya faɗa a madadina, ni in ɗaga hannu in ce haka ne.

Hajiya tana gaishe ka. In ka je wurinsa ka duba ko ana ba su bargo. Wassalam.

Yayanka,
Alhaji Saley


Villeurbanne, 5 ga Nuwamba, 1985

Yayana Alhaji,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Hajiya da yara. Bargo yana da shi, na kai masa safa da hular sanyi. Ya rame, amma yana sallarsa.

Lauya ta ce a'a. Bakinka take so, ba hannunka ba.

Na yi maka faɗa a wancan karon kamar ni wani abin kirki na yi. Ka tuna inda na zauna a kotu? Can ƙurya, da baƙin tabarau, don kada 'yan jarida su gane mai tsaron gidan babbar ekip. Shugaban kulob ya kira ni tun kafin ranar ya ce kada sunan kulob ya fito, kuma kwantiragina a bana yake ƙarewa. Ni da na goyi yaron, ni da na saya masa takalmin ƙwallo na farko, ban ce uffan ba. Kai kunya ta rufe maka baki, ni tsoro. Naka ya fi nawa daraja.

Kyaftin ɗinmu Karim, wanda iyayensa mutanen Aljeriya ne, shi ya tsare ni a ɗakin canza kaya gaban kowa. Ya ce ranar Lahadi suna tafa mana, ranar Litinin su tsayar da ƙannenmu a titi, mu kuma muna murmushi a hoto. Bukari, baƙon da muka ɗauko daga Kumasi, ya ce shi kansa an taɓa kwantar da shi a kan kwalta da rigar kulob a jikinsa. Ban iya ɗaga kai ba. Thierry kuma ya shigo idonsa jawur, ya ce ba ya barci, zai je kotu ya faɗi cewa shi ya fi kusa da polis ɗin da ya faɗi.

Ga abin da muka shirya. Lahadi ta sama muna da wasa a gida. Kafin a busa usur za mu tsaya a tsakiyar fili, hannu a baya kamar an sa mana ankwa. Ba za mu taɓa ƙwallo ba sai an kira sunan Youssouf a lasifika, kuma mai lasifikar ya yarda. Ba duka ekip ce ta amince ba, amma mun fi rabi. Karim ya ce uban ya kamata ya kira shi, jama'a su ga cewa yaron ɗan gida ne.

Yaya, mu ma ba ma shiga wasa sai mun yi atisaye. Ka zo ka motsa harshenka a fili kafin ranar kotu. Kalma ɗaya ce. Ka sa farar babbar rigar nan taka, zan tarye ka a tasha.

Allah Ya ja da ranka.

Moutari


Paris, 19 ga Nuwamba, 1985

Ƙanena Moutari,

Bayan gaisuwa, na iso gida lafiya. Wannan karo na biyu ke nan da na bar garinku ba sallama, ka yafe mini.

Kai kana tsaye a tsakiya, bayana kawai kake gani, bari in gaya maka abin da ya faru a gaba. Na ga kun jeru, hannu a baya, har da yaron nan Thierry a gefen fili. Na ga shugabanku ya miƙe yana ɗaga hannu yana zazzare ido. Wasu 'yan kallo suna fito, wasu suna jifa da bawon lemo, wani yana ihu wai mu koma ƙasarmu. Duk wannan bai dame ni ba, na saba da shi a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Aka miƙo mini makirufo. Na yi sallama, na ji muryata ta zagaye filin ta dawo mini. Na ce ni ne uban. Na buɗe baki, sai na ga kamar marigayi Malam yana zaune cikin mutanen nan yana kallona. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ina jin numfashina a lasifika. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, filin dai ya yi tsit, har masu fito suka daina. Sai Karim ya tako ya karɓa a hankali, ya faɗi sunan da kansa.

Yau da safe Ɗan Juma ya shigo da jarida yana murna. Ga hotona da babbar riga, wai uban da baƙin ciki ya hana magana, wai shirun da na yi ya fi kowane jawabi. Mutanen unguwa suna ta shigowa suna ba ni hannu, wani Balarabe mai sayar da nama har ya sumbaci goshina. Moutari, zagi ya fi mini wannan yabon sauƙi. Samari sun sa hanyar abincinsu cikin haɗari saboda ɗana, ni kuwa kalma ɗaya ta gagare ni.

Da na dawo Hajiya ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta ajiye mini abinci, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, kunyar nan don wa muke yin ta?"

Ka gaya mini abin da aka yi muku. Ka yi wa Karim da Bukari godiya, ni ba ni da fuskar yi musu.

Yayanka,
Saley


Villeurbanne, 1 ga Disamba, 1985

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kada ka damu da mu. An dakatar da Karim, ni kuma an zaunar da ni a benci, ina ɗumama katako da kyau. Maganar kwantiragi ba a sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai daina sa tabarau.

Na je wurin Youssouf na ba shi labari duka, ban rage ba. Ya yi dariya har mai gadi ya leƙo. Ya ce mu ƙyale ka, kada mu tsufar da kai a gaban Turawa, shekara biyu ba mutuwa ba ce. Da ya faɗi haka sai na kasa kallonsa.

Zaman kotu ranar sha biyu ga wata ne, da ƙarfe tara na safe. Ba zan sake roƙonka ba. In ka zo akwai shimfiɗa, in ba ka zo ba kai ne dai yayana.

A gaishe da Hajiya.

Moutari


Lyon, 18 ga Disamba, 1985

Zuwa ga mahaifina Alhaji,

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna da ƙannena. Ina lafiya.

Lauya ta zo yau da safe. Ba su wanke ni ba, kuma ba wanda ya tambayi polis ɗin dalilin da ya sa takarduna kaɗai ya nema. Amma sun ce zaman da na yi ya isa, saura talala. Ranar Juma'a zan fito. Kada ka wahala, Baba Moutari zai zo ya ɗauke ni.

Baba, da ka miƙe a kotu ka ce, "Sunansa Isuhu, ɗana ne na fari, ni na yi masa huɗuba," sai da na waiwaya in ga wa ake kira. Ashe haka kake faɗarsa, irin ta Damagaram. Na ga gumi yana bin gemunka cikin sanyin nan, na ga ka riƙe katakon gabanka da hannu biyu. Ni na jawo maka wannan tsayuwar, ka yafe mini. Ka juyo ka dube ni, ni ne kuma na sunkuyar da kai.

In na iso Paris, don Allah ka koma yadda ka saba kirana. Sau ɗayan nan ya ishe ni.

Ka ce wa Inna ta ajiye mini rigar sanyina. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ni ne,
wannan yaron