Mota Mai Lafiya da Aka Rubuta Ta Mutu

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Kwamitin Kai Hatsin Taimako Ƙauyuka,
Agadez.

Daga
Alhaji Alkasum Bahago, tsohon direba,
mazaunin tsohon gari, Agadez.

Litinin, 17 ga Mayu, 2010.

Game da: soke motata daga jerin motocin da za su kai gero Dabaga ranar Alhamis, 20 ga wata, bisa shaidar cewa ta mutu, alhali tana raye.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, da roƙon Allah Ya sauko mana da ruwa bana, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Da hannuna nake rubutu, da ɗan bokon da na tsinta a makarantar manya, sai a yi haƙuri da karkatar layi. Ina da karin magana da ya dace da kowane saƙo na wannan zance, amma ɗiyata Indo ta ce takardar hukuma ba ta ɗaukar irinsa, don haka na haɗiye.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa manyan motoci tsakanin nan da Dirkou. Yanzu abin da ya rage mani ƴar ƙaramar mota kat-kat guda ce mai shan esansi, wato fetur. Ranar 26 ga Afrilu na rubuta ta a bironku, wato ofishinku, domin ta ɗauki buhu goma sha biyu zuwa Dabaga, inda ƙanwata Hajara take da mutum tara a gida. Rijiyar garkarsu ta ƙafe, sun koma ci sau ɗaya a yini. An shaida mani cewa unguwar da ba ta da mota a jeri sai ta jira zagaye na biyu, kuma ba wanda ya san ranarsa. Motata ce kaɗai aka rubuta wa unguwarsu.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu.

1. An ce mai duba motoci, Mushe Amadou, wato Malam Amadou a bakin ƴan boko, zai zo ranar Asabar, 15 ga wata. Sai ga shi ranar Alhamis, 13 ga wata, da hantsi, ba sanarwa. Da ya zo ranar da aka faɗa, da ya iske mota tana ruri.

2. A nan dole in faɗi abin da ban so faɗi ba. Ina da suruki, Illiya, mijin Indo, mutumin kirki mai riƙe da salla, amma in ya hau mota sai ya manta tana da ƙashi. Ya are ta zuwa Teguidda-n-Tessoumt, ya labta mata gishiri kamar amale, ta dawo tana tafiya a karkace. Ranka ya daɗe ya san a garin nan dattijo ba ya duban tsabar idon mijin ɗiyarsa ya ce masa a'a. Sai na je wurin Lukumanu makanisiye na nemi dabarar da mota za ta ƙi da kanta, ba ni na ƙi ba.

Ya buɗe kapo, murfin gaban mota, ya nuna mani baƙin akwati kusa da batiri. A ciki akwai wasu ƴan abubuwa huɗu iri ɗaya, kowanne bai wuce ƙwallon dabino biyu ba. Ya ce sunansu rele, kuma na uku daga hagu shi ke ba famfon mai wuta. In an zare shi, moter, wato inji, za ta yi ta juyi, mai ba zai iso ba. Ni da na saba da motocin da ake zuƙo wa mai da baki, ban so yarda ba. Ranar farko ma na ƙirga daga dama, na zare na ƙaho, motar ta tashi lafiya lau a gaban Illiya, ya tafi da ita kasuwar dabbobi yana korar awaki da baki.

Ranar 22 ga Afrilu na zare na gaskiya. Don kada a gan shi a aljihu, na kai wa baduku ya ɗinke mani shi cikin jar fata, na rataya tare da layuna. Sati uku ina yawo da shi a ƙirji, har cikin masallaci, Allah Ya gafarta.

3. Sa'ad da Mushe Amadou ya yi sallama, Illiya yana zaune a zaurena, ya zo neman mota karo na huɗu, kuma ban daɗe da rufe baki ba daga gaya masa cewa ta gagari kowa. Maƙwabta biyu suna nan suna shan shayi, sun ji. Muka fita gaba ɗaya. Mushe Amadou ya murɗa makulli sau biyu, moter ta juya ba ta kama ba, ya ciro alƙalami ya rubuta an pan, wato ta mutu, ya hau babur ɗinsa. Duka bai kai daɗewar alwala ba. Ni kuwa ina tsaye, maganin ciwon yana lilo a wuyana, na kasa ɗaga hannu. Na taɓa kwana shida a hamadar Tenere da karyayyen aksi ban ji tsoro ba, amma ranar nan idon suruki ya ɗaure ni.

4. Wannan shi ne babban kukana: ba a duba motar ba. Mai duba mota na gaskiya, in ta ƙi tashi, zai sa a murɗa makulli rabi, ya kai kunne wajen rezarbuwa, tankin mai. Famfo mai samun wuta yana ɗan guna kamar zuma a cikin gora, na ɗan lokaci, sannan ya yi shiru. In bai ji ba, ya duba fizibil, ƴar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. In fizibil lafiya, ya buɗe akwatin nan ya ɗora yatsa a kan rele, a sake murɗawa, ya ji ko ya yi ƙas. Mushe Amadou da ya buɗe, da ba ya ma buƙatar yatsa, rami zai gani fayau. Da sai ya zaro na ƙaho ya cusa a wurin, tunda iri ɗaya ne, mota ta tashi, ni kuma in riƙe baki in yi salati tare da kowa, a ɗora wa ɓera laifi. Da mutuncina ya tsira, geron Hajara ya tsira. A taƙaice, ranka ya daɗe, ina ƙarar ma'aikacinku ne saboda ya kasa kama ni.

5. Na je biro ranar Juma'a da safe don in yi bayani. Aka ce abin da aka rubuta an rubuta, sai dai takarda. Ga takardar.

Domin kada a ce tsoho yana neman gyara da ƙarya a bakinsa, ina sanar da ku abin da na yi bayan haka. Ranar Juma'ar, bayan an sauko, na kira Illiya, na ciro layar a gabansa na farke ta da aska. Na shirya wa kowace irin fuska ban da wadda ya yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai tun satin farko na sani. Badukun ƙanen uwata ne. Na yi ta zuwa ne don kada ka gane na gane." Ashe sati uku muna jin kunyar juna, ni da shi, mutanen Dabaga suna auna tsaba da ludayi.

Ranar Asabar na kai relen wurin Lukumanu, don gumin watan Mayu ya sa ƙafafunsa sun yi kore. Ya goge su, ya haɗa biyu da batiri, muka ji ƙas. Ya sa ƴar fitilar gwaji a sauran biyun, ta kama. Muka mayar da shi raminsa, famfo ya yi guna, mota ta tashi a murɗa ɗaya. Har ƙaho yana aiki.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a sake turo mai dubawa kafin ranar Laraba, ko a ba ni izini in kawo motar ƙofar bironku da ƙafarta. A mayar da ita cikin jeri. Ban nemi a hukunta Mushe Amadou ba, yaro ne mai gaisuwa, a dai koya masa ya riƙa kai kunne kafin ya kai alƙalami. In kuwa dole sai an hukunta wani, ga ni, an san gidana. Amma kada a bar mutum tara da yunwa a kan laifin da ba su san an yi ba.

Idona ba ya ganin ramukan hanyar Dabaga kamar da, don haka Illiya ne zai tuƙa. Makullin yana hannunsa tun jiya. Ni zan zauna a gefensa, in ƙirga buhunan da kaina: goma sha biyu, ko ɗaya ba zai ƙara ba.

Allah Ya ja zamanin shugaba, Ya ba shi ikon yin adalci ko ga wanda ya jawo wa kansa.

Naku mai biyayya,
Alhaji Alkasum Bahago.