Takalmin Ofis a Ƙusa

Litinin, 1 ga Nuwamba 1993

Yau an ce mu koma gida. Mu shida daga ofishinmu na Bonapriso. Patron, mai kamfanin, ya ce "congé technique", wato hutun dole, babu albashi sai kaya sun dawo tashar jirgin ruwa. Mista Ndifor, ɗan Bamenda mai kula da ma'aikata, ya dafa kafaɗata: "Haliru, lif ne kawai." Lif! Rabona da jin kalmar nan tun Baba na raye.

Talata, 2 ga Nuwamba

Baba a kamfanin Ingilishi na Akwa ya koyo ta. Shi bai taɓa cewa hutu ba, wai hutu na 'yan makaranta ne. Lif kuwa na mai kujera ne, ka tafi kujerarka na jiranka. Ranar farko sai ya rataye takalmin ofis a ƙusar bayan ƙofa, Inna ta soya makala, fanken nan namu, mu hau jirgin ƙasa zuwa Nkongsamba. Dokarsa ɗaya: mai lif ba ya taɓa wata sana'a, ko goro ba ya ƙirga wa mutum. Ranar ƙarshe ni da Bilki ƙanwata mu yi ta faɗa kan wa zai goge takalmin. Wayyo, ina kewar mutumin nan.

Na rataye nawa a ƙusar. Inna ta soya makala, amma ba ta tambayi ranar komawa ba.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Bayan masallaci Iro ya tare ni. Babur biyu gare shi yanzu, bensikin, yana ɗaukar fasinja Nkololoun zuwa Akwa. "Musiye Haliru, ɗaya na zaune banza." Na ce ina lif. Ya yi dariya har da tafi. Ɗan banza, ajinmu ɗaya, ko dikte, shiftar Faransanci, bai taɓa ci ba.

Asabar, 4 ga Disamba

Shiru.

Laraba, 22 ga Disamba

Na leƙa ofis, wai gaisuwa. Babu teburina, an jibge kwalaye a wurin. Mista Ndifor ya yi ta kallon ƙasa. Da na dawo Inna ta ce, "Lif ɗin babanka da ranar komawa ake ba shi, ɗan nan." Na yi fushi na ƙi cin tuwo. Kunya ce, ba fushi ba.

Talata, 18 ga Janairu 1994

Kwana uku ke nan ina taya Iro ɗaukar fasinja a ɗaya babur ɗin. Taya shi kawai nake yi. Ashe na san lungunan New Bell haka? Wata tsohuwa ta sa mini albarka don ban jefa ta a kwata ba.

Ruwa ya kama ni da yamma, ruwan Janairu kuma! Na shigo ba inda zan rataye rigar ruwa. Na sauke takalmin, duk ya yi furfura da fumfuna. Na tura shi ƙarƙashin gado. Inna na gani, ta ce tuwo na nan da zafi. Na ci malmala biyu.